Shawarwarin 'yan Tudun Hatsi kan ciniki da Nijar

Hirar da 'yan kasuwar Tudun Hatsi a Gombe suka yi ta fi karkata ne kan bashi. Tun da aka rufe iyaka a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin Nijar, kuɗin mutane da dama suka maƙale a Maraɗi da Damagaram. An buɗe ta ɓangarenmu a Maris 2024, amma zukata ba su kwanta ba.

Dattawan suka ce kada a sake ba da kaya bashi sai ta hannun mai masaukin da aka sani gida da gida. Farashin canji kuwa, na naira da sefa, a yanke shi ranar ciniki, a rubuta a takarda gaban shaidu biyu. Wannan ni ma na goyi bayanta, domin rigimar canji ta raba aminai da yawa.

Wani matashi ya kawo maganar ɓarauniyar hanya. Aka ce masa, "Ɗana, buhun wake ɗari idan kwastan suka kama, wa za ka kai wa kuka?" Suka ƙara da cewa a raba jari, rabi Nijar rabi Kamaru ta Mubi, kuma a bar gardamar rikicin Nijar da ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a bakin tasha, kada a shiga rumfar abokin ciniki da ita.