A ɗora wa sabon mamba tara kuɗin gidauniya, ko a bari sai ya goge?

Tsohon shugaba, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga maganar da ba mu ƙarasa ba a taron wata. Ni dai a ganina gidauniyar kayan azumi da ta kayan sallar marayu a daina barinsu a hannunmu mu da muka daɗe. A damƙa wa sababbin mambobi, su tsara, su roƙa, su karɓa, su kawo bayani. Babu aikin da ke goge mutum a ƙungiyar sa kai kamar neman kuɗi. Wanda ya iya shiga shago a Kasuwar Gumi ya faɗi buƙatarsa cikin minti biyu, aka ce masa "yau babu ciniki", bai ji haushi ba, ya koma bayan sati biyu, ya koyi abin da bita goma a ɗakin taro ba za ta koya masa ba. Ku dubi ƙungiyar sa kai ta Rotary da aka kafa a Chikago a 1905: shekara ɗaya shugaban kulob yake yi ya sauka, wani ya hau, don kowa ya ɗanɗana nauyin. Mu kuwa fuskoki ɗaya attajirai suke gani kowace shekara har sun gaji da mu.

Ma'aji, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Baba, Allah ya ƙara girma, rabin maganarka na karɓa. Su tsara, su roƙa, su kawo bayani, duk na yarda. "Su karɓa" ɗin nan ne ba zan sa hannu ba. Ba a koyon tuƙi da motar da ta ɗauko marasa lafiya.

Ba wai sabon mamba ɓarawo ne ba. Yawancin ɓarnar ma ba sata ce ke kawo ta ba. Ga yadda take faruwa: yana tsaye gaban mai bayarwa, a ce masa "kawo lambar asusu", lambar ƙungiya ba ta kansa, sai ya ba da tasa ta OPay ko Moniepoint. Kuɗin marayu ya gauraye da kuɗin katinsa da na cefanen gida. Idan asusun na matakin farko ne, da ma ba ya riƙe fiye da naira 300,000, sai tiransifa ta riƙa dawowa, mai bayarwa ya ɗauka ta shiga. Ranar lissafi a ce ya kawo sitatimen, ga shigar kuɗi arba'in babu bayanin ko na mene ne. Dubu bakwai kacal za ta ɓace a tsakani, amma sunan yaron ya ɓaci a unguwa har abada, kuma ba zai sake zuwa taro ba. Wannan ai ba gina mutum ba ne.

Tsarin da ke tsare kowa ba shi da wuya. Asusu ɗaya da sunan ƙungiya, masu sa hannu uku, dole biyu su sa kafin kuɗi ya fita. Littafin rasit mai lamba a jere, mai kwafi biyu, a rubuta lambar farko da ta ƙarshe a gaban sunan wanda ya ɗauka. Rasit da aka yi kuskure a kai ba a yage shi, a ja masa layi biyu a bar shi a ciki. Tsabar kuɗi mutum biyu ke ƙirgawa su sa hannu, ta kwana a banki ko ta shiga washegari da safe. Kuma kada a taɓa cire kuɗin mota daga abin da aka karɓo kafin a kai banki, a shigar da shi cif, a nemi kuɗin motar daban.

Sabuwar mamba, Kawo:
Yaya Ma'aji, da girmamawa, duk abin da ka lissafa ai tsofaffin mambobi ma ya kamata ya hau kansu. Me ya sa sai an zo kanmu ake tuna littafin rasit? Abin da ke korar matasa daga ƙungiyoyi ba nauyi ba ne, rashinsa ne. Mutum ya biya kuɗin shiga, yana biyan na wata-wata, aikinsa jera kujeru da raba ruwan leda. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Amma Baba, kai ma akwai abin da ka tsallake. Roƙon nan yana da tsada a kan mai yin sa. Kuɗin Keke Napep daga Kawo zuwa cikin gari da dawowa, kati, data, daga aljihun wa? Kuma sabon mamba ba shi da kowa sai danginsa da abokan aikinsa. A gidauniya ta farko za su bayar don kunya, a ta uku sun fara ƙin ɗaga wayarsa. Idan za a ba mu aikin, a ba mu da jerin sunayen masu bayarwa na ƙungiya, kada a ce kowa ya je ya tatsi 'yan'uwansa.

Sakatariya, Unguwar Sarki:
Ƙanwata ta taɓo wurin. Jerin sunayen nan shi ne dukiyar ƙungiya, ya fi abin da ke banki. Ya kamata kowane suna ya zo da abu huɗu: nawa ya bayar bara, a kan me, wa ya san shi a cikinmu, da ko an koma masa da bayani. Na huɗun nan ne ake sakaci da shi.

Ga yadda ake koya wa sabo roƙo ba tare da an jefa shi ruwa ba. A haɗa shi da tsoho, su je su biyu. Gida uku na farko tsoho ke magana, sabo na riƙe da takarda. Daga na huɗu a juya. Kada ya ce "a taimaka da abin da ya sawwaƙa", wannan jimlar ita ke jawo dubu biyu daga mutumin da zai iya ba da dubu hamsin. Ya je da farashi a hannu: kayan sallar maraya ɗaya, yadi kaza, ɗinki kaza, takalmi kaza, jimla kaza, muna da yara sittin, Alhaji nawa za ka ɗauka? Farashin kuma a samo shi daga shago uku a satin da za a fita, a ƙara kashi goma cikin ɗari saboda tashin kaya. Lokaci ma yana da muhimmanci. Kayan azumi tun Rajab ake fara nema, a gama saye a tsakiyar Sha'aban kafin sukari da gero su tashi. Ɗinkin sallah kuwa idan bai shiga hannun tela a goman farko na azumi ba, to yaran da tsofaffin kaya za su je idi. Kuma kada a je wa ɗan kasuwa da sassafe kafin ya yi cinikin farko.

Mai binciken kuɗi, Barnawa:
Ni inda nake jin tsoro shi ne abin da sababbi suka fi so, wato taron ƙaddamarwa. Shi ne mai hoto, shi ne mai lasifika. A ce an kama ɗakin taro, an buga katin gayyata, an ɗauko mai gabatarwa, ga abinci, ga man janareto, an kashe naira 800,000. A wurin taro aka yi shelar miliyan biyar, aka yi kabbara da tafi. Abin da ya shiga hannu ran nan wataƙila miliyan ɗaya ne, sauran alkawari. Wakilin babban mai ƙaddamarwa ya faɗi adadi ya shiga mota, babu wanda ya karɓi lambar wanda za a bi. Jama'a kuwa miliyan biyar suka ji, ita za su tambaye ku.

Maganinsa: katin alkawari mai suna, lambar waya, adadi, ranar biya da sa hannu. Na'urar POS ta ƙungiya a bakin ƙofa. Wasiƙar godiya cikin kwana biyu da lambar asusu a jiki, kira bayan sati, ziyara bayan sati biyu. Alkawarin da ya wuce wata uku a cire shi daga lissafi. Kuma kada a yi odar ko buhu ɗaya a kan kuɗin da bai shigo ba. A coci ma haka take faruwa a lokacin godiyar kaka, ba matsalar masallaci ko ta wata ƙabila ba ce. In ana son sabon mamba ya goge, wannan bin bashin alkawarin za a ba shi, don a nan ake koyon haƙuri da iya baki, ba a kan mumbari ba.

Ɗan agaji, Rigasa:
Ku gafarce ni manya, akwai makarantar da kuka manta: fatun layya. 'Yan agajin Izala sun daɗe suna tara su kowace Babbar Sallah, kuma da yawa a nan suka koyi tsari. Sabo ba ya taɓa kuɗi, amma yana koyon komai. A raba layuka tun kafin sallah, kowane layi mutum biyu da baro ko buhu, a sanar a masallatai. Fata ba ta jira. Idan ta yi awanni a ƙudundune cikin leda a rana, gashi ya fara zubewa, ta tashi daga aiki. A shimfiɗa ta a inuwa, gefen nama a sama, a kankare kitse, a zuba gishiri har bakin gefuna, abin da ya kai sulusin nauyinta ko fiye. A ware ta rago da ta akuya da ta sa, a ware masu hujin wuƙa don dillali zai karya musu farashi. A ƙirga a rubuta kafin dillali ya iso, a ji farashi daga mutum biyu ko uku. Wanda ya riƙe layi biyar bai bar fata ta ruɓe ba, gobe ka ba shi kwamiti da kwanciyar hankali.

Malamin Islamiyya, Tudun Nupawa:
Allah ya saka wa kowa. Abu biyu ya kamata sabo ya sani kafin ya miƙa hannu. Na farko, ya tambayi mai bayarwa: wannan zakka ce ko sadaka? Zakka tana da gidaje takwas da aka ambata a aya ta 60 cikin Suratut Tauba. Ba a biyan hayar rumfa ko buga kalanda da ita, kuma maraya ba don maraicinsa yake cin zakka ba, sai in mabuƙaci ne. A ba ta shafinta daban a littafi. Haka kuma wanda ya ce kuɗinsa na rijiya ne, ba a juya shi zuwa shinkafa sai da izninsa.

Na biyu, wannan "gina kai" da ake ta faɗa a yi hattara da shi. Idan saurayi ya shiga aikin don ya yi suna, za ka ga an jera marayu riƙe da leda ana ɗauka ana watsawa a Facebook. Aya ta 264 a Baƙara ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa. A ɗauki hoton kaya, a ɗauki na rasit, a bar fuskar yaro.

Lauya, Malali:
Malam ya yi daidai, kuma doka ma tana bayansa, don dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta buƙaci iznin iyaye ko mai riƙo kafin a yi amfani da bayanan yaro. Baba, ka kuma tuna wanda doka za ta kama idan an yi kuskure ba sabon mamba ba ne. Ƙungiyar da ta yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, amintattunta, wato waɗanda aka sa sunansu a rajistar, su ne ke da alhaki. Ana kai wa hukumar rahoton shekara tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba. Banki kan nemi takardar SCUML, sashen hana halasta kuɗin haram na hukumar EFCC, kafin ya buɗe asusun ƙungiya. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana karɓar tsabar kuɗi sama da miliyan biyar ga mutum ɗaya, ko miliyan goma ga kamfani ko ƙungiya, sai ta banki. Sannan tun 2015 gwamnatin jihar Kaduna ta hana bara a tituna, don haka kada wani mai zafin nama ya tura yara da akwati shataletale. Duk mai fita ya riƙe katin shaida da wasiƙa mai hatimi da kwanan wata.

Tsohon shugaba, Unguwar Rimi:
Na ji, kuma na janye "su karɓa". Amma ban janye sauran ba. Shugaban kwamitin ya zama sabo, ba mataimaki ba. Shi zai raba aiki, shi zai ga sitatimen duk sati, shi zai tsaya gaban taro ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita. In kuka sa masa tsoho a sama, ya koma jera kujeru da sabon suna.

Ma'aji, Tudun Wada:
Ya ga sitatimen, na yarda, har alat ma a haɗa da wayarsa. Amma a fara da ƙaramar gidauniya mai iyaka, kamar kuɗin jarrabawar yara goma, sati shida a rufe. Ta azumi ta yi masa girma a karon farko.

Sabuwar mamba, Kawo:
To a rubuta a kundin taro cewa wanda ya kammala ƙaramar lafiya shi zai riƙe ta azumi mai zuwa, don kada a wayi gari a ce "bari dai a ƙara duba shi". Kuma har yanzu ba a amsa mini maganar kuɗin mota ba. Daga kuɗin wata-wata zai fito ko daga gidauniyar? In daga gidauniyar ne, sai a rubuta a wasiƙar roƙo tun farko, mai bayarwa ya sani kafin ya tura.