Me ya haɗa kalmar "bloody" da baƙar magana?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Tun muna yara muke jin sojoji suna kiran farar hula "bloody civilian", kuma a finafinan Ingila nakan ji ana liƙa kalmar ga komai, har shayin da ya huce. Ƙamus ya ce ma'anarta abin da ya yi jina-jina. To, ina ruwan jini da zagi, kuma shin ashar ce?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ma'anar da ka gani ita ce ta asali. A wajen shekarun 1670 ne aka soma amfani da ita don ƙarfafa magana, kamar yadda Bahaushe yake cewa "ɗan banzan zafi" ba tare da ya nufi kowa da zagi ba. Da farko ba ta da muni, domin marubuci Jonathan Swift ya sa ta a wasiƙarsa ta 1711 yana kukan zafin rana. Amma a wajen shekarun 1750 aka soma ɗaukar ta a matsayin maganar marasa kamun baki, kuma daga nan masu ji da kansu suka ƙaurace mata, har jaridu suka riƙa rubuta harafin farko da na ƙarshe kawai.

Amsa ta biyu:
Malam ya yi bayani, sai dai ya tsallake tushen. Wasu suna cewa ta fito ne daga rantsuwar Kiristoci da Nana Maryamu, wato "by our Lady", wadda baki ya gutsure, wasu kuma suna danganta ta da 'ya'yan masu sarauta mashaya da ake yi wa laƙabi da "bloods". Bayanin farko ya fi daɗin ji, shi ya sa ya yaɗu, amma masana harshe ba su gamsu da shi ba, kuma ni ma na fi karkata ga na biyun.

Amsa ta uku:
Game da ko ashar ce, a yau ba ta wuce tsaki ba, musamman a Ostareliya. Amma a 1914, da wata 'yar wasa ta furta ta a wasan kwaikwayon Pygmalion na Bernard Shaw a Landan, sai da jaridu suka yi ta cece-kuce. A ganina sojojinmu daga bakin hafsoshin Turawan mulkin mallaka suka gaje ta, kuma raini suke nufi da ita, don haka kada ka faɗa wa babba.