Hitar banɗaki: ku a kan lamba nawa kuke barin taku?

Maman Biyu, Unguwar Dosa: Assalamu alaikum. Jiya da asuba saura ƙiris na shiga uku. Ina tara wa ƙaramin yarona ruwan wanka, na juya ɗauko soso kenan ya tura hannu ƙarƙashin famfon zafi. Kafin in fizge shi bayan hannun ya yi jawur, zuwa hantsi ya tashi bororo biyu. Ashe maigidan ne ya murɗa hitar har ƙarshe, wai in an ɗauke wuta cikin dare ruwan ya kai safe da zafinsa. Don Allah ku ina kuke barin taku a wannan hunturun?

Wata nas, Malali: Wa alaikumus salam. Sannu 'yar uwa, Allah ya ba shi lafiya. Kada ki fasa bororon, kada kuma a shafa masa man goge baki ko ɗanyen ƙwai. Abin da ake yi nan take shi ne a tara wurin a ruwan famfo mai sanyi kamar minti 20. Ƙuna a hannun yaro kuwa a kai shi asibiti a duba, ko da ta yi kama da ƙarama.

Ruwa mai digiri 60 cikin daƙiƙa biyar yake sale fatar babba, ta yaro ba ta kai haka ba ma. A digiri 49 sai an yi mintuna. Amma kada tsoro ya sa ki mayar da hitar can ƙasa. Akwai ƙwayar cutar Legionella, wadda aka gano bayan ɓarkewarta a Filadelfiya ta Amurka a 1976. Tana hayayyafa a ruwan ɗumi da ya kwanta, tsakanin digiri 20 zuwa 45, mutum ya shaƙe ta a feshin shawa ta kama masa huhu. A 60 take mutuwa. Ni tawa a 60 take, kuma dokar gidana ruwan sanyi ake fara zubawa a bokiti, sannan a sirka da na zafi. Na jariri da gwiwar hannu nake gwadawa, ya kasance kusan ɗumin jiki, 37.

Mai gyaran wuta, Tudun Wada: Hajiya, abin da maigidanki ya yi kusan kowane gida na shiga shi nake tararwa, kuma ban ga laifinsu sosai ba, da wutar da ba ta da alƙawari. Sai dai ƙarshen lambar yakan kai 75, wasu har 80. Lita 50 daga digiri 20 zuwa 60 tana cin yunit 2.3, zuwa 75 kuwa yunit 3.2, ga shi iya zafin ruwa iya saurin hucewarsa. Sannan farin ɓawo mai kamar alli ya fi taruwa a jikin ƙarfen da ke dafa ruwan, har wata rana ya ƙone.

Abin da ya fi ɗaga mini hankali daban ne. Watan jiya a wani gida na ga ƙaramin bawul ɗin nan na gindin hita an danne bakinsa da roba an naɗe da waya, wai yana ɗiga yana ɓata tayil. Wallahi jikina sai da ya yi sanyi. Wannan ɗigar ita ce numfashin tankin. Ruwa in ya yi zafi kumbura yake, in ya rasa mafita ranar da na'urar tsayar da zafin ta mutu tankin ne zai fashe. A sa masa siririn tiyo ya riƙa zuba a magudana, shi ke nan.

Baban yara, Barnawa: Ni mita mai kati ce ta koya mini. Tun da yunit ɗin Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, ya haura naira 200 a Afrilun 2024 na daina barin hitar a kunne dare da rana. Kafin in fita Asuba nake kunnawa, in ta kashe kanta in kashe makunnin. Amma na ƙona guda ranar da tankin sama ya ƙafe ban sani ba, ta yi ta dafa iska.

Wata nas: Yallabai in kun yi tafiya kun dawo, ku bar ta ta kai 60 tukuna, ku saki ruwan ya zuba na 'yan mintuna kafin kowa ya shiga shawa.

Ɗan haya, Rigasa: Mu namu hitar ta bokiti ce. Sau ɗaya na tsoma yatsa in ji ko ya yi zafi ba tare da na zare ta daga soket ba. Har yau in na tuna sai kafaɗata ta amsa.

Maman Biyu: Na gode ƙwarai. Mun je an wanke an naɗe hannun, yana ta wasansa. Malam mai gyara, tamu ba ta da lambobi, ɗigo-ɗigo ne kawai har zuwa ja. Ina 60 take?

Mai gyaran wuta: Ki ajiye ta ɗan gaba da tsakiya. In fitilar hitar ta mutu ki tari ruwa a kofi, ki tsoma ma'aunin zafi irin na girki, ki gyara har ya nuna 60. Sai ki ɗiga jan farce a wurin, don in Alhaji ya sake murɗawa ki gane.