Sakkwato zuwa Abuja da iyali: ta Zariya mai tagwayen hanya ko ta Kwantagora?

Magidancin Arkilla:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masana hanya. Zan ɗauki iyali a Corolla, mu biyu da yara uku, daga Sakkwato zuwa Abuja in sha Allahu. Hanya biyu ake faɗa mini. Ta farko Gusau, Funtuwa, Zariya, daga nan a hau tagwayen hanya zuwa Kaduna da Abuja. Ta biyu Tambuwal, Jega, Koko, Yawuri, Kwantagora, Tegina, Minna, Suleja, wadda kusan dukkanta falan ɗaya ce. Wasu sun ce tagwayen hanya ta fi sauƙi, wasu sun ce a can ne ake gudun da ke hallaka mutane, gara a lallaɓa ta ƙaramar hanya. Wacce ta fi? Ƙarfe nawa ya kamata a tashi, mai nawa zai isa, kuma ana iya yin ta a yini ɗaya?

Tsohon Direba:

Wa'alaikumus salam ƙanena. Ko wace ka ɗauka, falan ɗaya za ka fara ci, kuma mai yawa. Daga Sakkwato zuwa Zariya kusan kilomita 400 ne, ta Tureta, Talata Mafara, Maru, Bunguɗu, Gusau, Tsafe, 'Yankara, Funtuwa da Giwa. Ana aikin mayar da ita tagwaye, amma kar ka sa a ranka cewa an gama. Tagwayen da ake magana daga Zariya take farawa, ita kuma kamar kilomita 260 ce zuwa Abuja. Jimla wajen 650. Ta Kwantagora kuwa ta haura 700, kuma ba za ka samu inda za ka saki sitiyari ka huta da motocin da ke zuwa ta gabanka ba sai ka kusa Suleja.

Ni dai ta Zariya nike ba mutum shawara in da iyali, ba don faɗin kwalta kawai ba. Wagga hanya ta fi yawan motocin haya, garuruwanta sun fi kusa da juna, in mota ta yi ciwo bakanike da mai faci ba su da nisa, ga manyan asibitoci a Gusau, Funtuwa, Shika da Kaduna. Ta Yawuri akwai wurare masu tsawo da babu komai sai daji, ga tirelolin da ke ɗaukar shanu da albasa zuwa Kudu ta Mokwa da Jebba, su ne masu hanyar har Kwantagora.

Amma babban alƙali shi ne labarin tsaro na wannan makon, ba na watan jiya ba. Tsakanin Gusau, Tsafe da Funtuwa an sha tare hanya, haka yankin Kwantagora da Tegina. Ana gobe za ka tashi, da daddare ka je babbar tasha ka tambayi direbobin da sunka iso da yamma, su ne sunka ga hanyar da idonsu. Kar ka fita da duhun asuba. Yi sallah, bari gari ya waye, ka bi ayarin motocin haya na farko wajen ƙarfe shida da rabi zuwa bakwai. In kana tahiya ka ga minti goma sha biyar ko ashirin babu motar da ta zo daga gaba a inda anka saba ganin motoci, tsaya a gari na farko ka tambaya. In masu zuwa suna yi maka wuta suna nuni da hannu ƙasa, rage gudu.

Kuma in da hali kauce wa ranar Talata, kasuwar Talata Mafara na ci, hanyar na cika da babura da amalanke da dabbobi.

Injiniyan Hanya:

Baba ya yi bayanin zaɓi. Bari in ƙara a kan abin da ke kashe mutane a kowace irin hanya, domin ba iri ɗaya ba ne.

A falan ɗaya, taho-mu-gama ne, kuma yawanci wajen wuce babbar mota yake faruwa. Ga lissafin. Tirela tana tafiya 50, kai kana 80. Bambancinku kilomita 30 a awa, wato mita 8 da 'yan kai a kowace daƙiƙa. Tsawonta ya kai mita 17, ka haɗa da tazarar da ka bari a bayanta, da tsawon motarka, da tazarar da za ka ba ta kafin ka koma hannunka: kusan mita 65 za ka cinye. Daƙiƙa 8 ke nan kana hannun da ba naka ba. A cikinsu kai ka yi tafiyar mita 180, mai zuwa da gudun 100 ya yi mita 220. Saboda haka in ba ka hango fili na rabin kilomita ba, kar ka fita. Corolla mai ɗauke da mutum biyar da kaya a but, ga na'urar sanyi a kunne, ba ta da jan da ka saba ji a cikin gari. Sauke giya ɗaya kafin ka fita, in otomatik ce taka totur ɗin sosai ta sauke da kanta. Kar ka manne wa bayan tirela kana leƙe. Ja baya kamar mita 30, daga can ka fi ganin gaba kuma kana da filin ɗaukar gudu. Kar ka wuce a kwana, ko kan tudu, ko bakin gada, ko shigar gari. In tireloli biyu ko uku suna jere, ɗaya bayan ɗaya ake cin su, kuma sai ka ga gurbin da za ka faɗa a tsakaninsu. Kar ka bi bayan wata mota ku fita tare: shi yana gani, kai ba ka gani, in ya koma hannunsa kai za a tarar.

Direban tirela yakan kunna tirafiketa don ya ce maka ka wuce ko ka dakata. Ba kowa ke nufin abu ɗaya da ita ba. Idonka ka yarda da shi.

A tagwayen hanya an cire maka wannan, shi ya sa na fi son ta. Sai dai tana da nata. Na farko gudu: kwalta ta yi santsi, allura ta kai 130 ba ka sani ba, sai taya ta fashe ko ka tarar da tirelar da ta lalace a tsakiyar hanya an jera ganye a bayanta. Ƙa'idar Hukumar Kiyaye Haɗurra ga motar gida ita ce 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Tsakanin 100 da 120 a kilomita 260, abin da za ka rage bai kai minti 30 ba. Na biyu gyangyaɗi, domin ka iso ta ne bayan awa shida kana tuƙi, ga abinci a ciki, ga rana. Na uku masu bin hannun da ba nasu ba, musamman babura kusa da garuruwa, da masu tsallaka titi a ƙafa.

Na huɗu, kuma shi na fi jin tsoro: inda ake aiki aka karkatar da motoci duka zuwa ɓari ɗaya. Tun 2018 aka fara sake gina hanyar Abuja zuwa Kano mai kilomita 375. An buɗe ɓangaren Kaduna zuwa Zariya a 2023, amma na Kaduna zuwa Abuja shi ya fi jan lokaci. A wurin karkatarwa hanya ta koma falan ɗaya alhali ƙwaƙwalwar direba tana ɗauka har yanzu tagwaye ce, sai ya fita hagu da gudun 110 ba tare da ya duba ba. Da ka ga duro ko shingen kankare an jera, ko ka ga ɗaya ɓarin babu mota ko guda, sauko 60, riƙe dama, kar ka wuce kowa har sai ka ga da idonka motoci sun koma ɓarinsu.

Ka shirya wa cunkoson tireloli a Mararrabar Jos da Tafa, sannan Zuba da yamma.

Bakaniken Mabera:

Yallabai, hanyoyin biyu ba wuri ɗaya suke cin mota ba. Mai ramuka da gargada tana cin ƙafa: shokozoba, boljoyin, tayarod, wili. Mai santsi da dogon gudu tana cin taya da inji ta hanyar zafi. Tunda mai gargada da mai santsin duka za ka taka a rana ɗaya, kai motar gareji kwana uku kafin tafiya, ba ana gobe ba, domin in an kwance wani abu ka samu damar zagayawa da ita ka ji ko ya zauna.

Fara da taya. A gefenta akwai lamba huɗu a cikin ɗan zagaye: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2322 na nufin mako na 23 a 2022. Jami'an kiyaye haɗurra shekara huɗu suke ƙirgawa. Tayar da ta tsufa, ko da zanenta da saura, robarta ta bushe, kuma kwaltar watan Afrilu da zafi ya haura digiri 40 ba ta yafe mata. In ka ga ƙulu a gefe, canja ta, wannan zaren ciki ne ya tsinke. Iska kuma da safe ake aunawa kafin mota ta motsa, a bi lambar da ke manne a jikin ƙofar direba, a Corolla wajen 30 zuwa 33 take. Masu faci da yawa 45 ko 50 suke ɗurawa in ba ka tsaya a kansu ba. Kuma kar ka sace iska a hanya don ka ga ta ƙaru da zafi. Taya mai ƙarancin iska ita ta fi saurin fashewa, domin gefenta na lanƙwashewa yana ɗaukar zafi. Safaya ma a auna ta. A gwada jak da wilsifana a gida, a tabbata notocin suna kwancewa.

In taya ta fashe kana gudu, kar ka danna birki. Riƙe sitiyari da hannu biyu, ɗaga ƙafa daga totur, bari ta rage da kanta, sannan ka gangara gefe.

Lagireto: a duba ruwa da sanyin safiya, a matsa robobin a ji ko sun yi laushi ko sun tsage, a tabbata fanka na tashi, a duba fanbel. In allurar zafi ta hau, tsaya, kashe inji, jira minti 30 kafin ka taɓa murfin. Ruwan zafin na tsalle ya ƙona fuska. Ka ɗauki galan ɗin ruwa lita 5, baƙin mai lita ɗaya, man birki, tocila, abin kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku.

Mai kuwa, Corolla mai lafiya da kaya da na'urar sanyi ka ƙiyasta mata lita 8 a kilomita 100. A 650 lita 52 ke nan, tankinta kuma wajen 50 yake ci. Ba za ta kai ba. Cika a Sakkwato da daddare, ƙara a Gusau, sake cikawa a Zariya ko Kaduna, kuma a babban gidan mai da motoci ke yawan shiga. Kar allura ta sauka ƙasa da rabi a tsakanin garuruwa. Kar ka sa jarkar fetur a but da yara a mota.

Malama daga Runjin Sambo:

Malam, duk sun amsa maka hanya da mota, saura tambayarka ta yini ɗaya. Motar haya tana yi. Mai yara uku da direba ɗaya, ban goyi baya ba sai komai ya tafi daidai. In kun bar Sakkwato ƙarfe bakwai, Gusau wajen goma, Funtuwa sha biyu, Zariya ɗaya da wani abu. Ku sa shingayen bincike, shan mai, bayin yara, abinci da sallah, sai ku ga kun shiga Kaduna ƙarfe uku ko ma fiye. Daga nan akwai sauran awa uku in babu cunkoso, rana kuma tana faɗuwa tsakanin shida da bakwai saura. Ku yanke tun daga gida: in uku ta wuce ba ku fita Kaduna ba, ku kwana, da safe ku ƙarasa. Kuɗin masauki ku ware shi daban tun yanzu, domin rashinsa ne ke sa mutum ya ce bari a daure.

Matafiyi yana da sauƙin kasaru da haɗa Azahar da La'asar, tsayawa ɗaya a Zariya ta wadatar da sallah da abinci. Tsayawar fitsarin yara a gidan mai ko masallacin cikin gari za a yi ta, ba a bakin daji ba. Yara duka a baya da bel, a kulle ƙofofin baya da ɗan makullin nan da ke gefen ƙofa, kada a rungumi ƙarami a kujerar gaba. Ruwa mai yawa, dabino, biskit, leda saboda amai. Direba ya ci kaɗan. Tuwo ko fura mai yawa da rana barci suke kawowa daidai lokacin da za a hau tagwayen hanya.

A ajiye 122 ta jami'an kiyaye haɗurra da 112 ta gaggawa a wayoyin ku biyun, kuma layukan su zama na kamfani daban-daban, domin sabis na ɗaukewa a wasu wuraren. Wani a gida ya riƙa sanin duk garin da kuka wuce.

Magidancin Arkilla:

Allah ya saka da alheri. Ta Zariya zan bi, da shirin kwana Kaduna in lokaci ya ƙure. Baba, dawowa fa, lissafin ɗaya ne?

Tsohon Direba:

Dawowa ta fi son a tashi da wuri, ƙanena, don an juya maka ita: mai sauƙin za ka fara ci da ƙarfinka, falan ɗaya ta same ka ka gaji. Bar Abuja da wayewar gari, ka wuce Funtuwa kafin ƙarfe ɗaya, ka baro Gusau kafin uku. In ba ka samu haka ba kwana Zariya. Daga Gusau zuwa Sakkwato yamma kake fuskanta, daga ƙarfe biyar rana na cikin idonka, ga shanu na komawa gida suna tsallaka kwalta. Wanke gilas ciki da waje a Gusau, ka cika tankin ruwan waifa. In lokacin hazo ne kunna ƙaramar wuta ko da rana, don mai shirin wuce tirela daga can gaba shi hango ka da wuri.