Valgrind ya ce FlightGear ba ya yoyo, to me ke cinye RAM ɗin?

Sani: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni dai wannan kukan da ake ta yi wai FlightGear, manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin sama, na yoyon memori, wato yana karɓar RAM ba ya saki, ban yarda da shi ba. Na haɗa shi da kaina a Linux, na kunna shi ta cikin Valgrind, manhajar da ke binciken yoyon memori, na hau Cessna 172 ɗin nan a filin jirgin Kano na rufe, rahoton bai nuna wani abin kirki da ya ɓace ba in ban da ƴan tarkace daga direban katin hoto. RAM na hawa ne saboda taswirar ƙasa da yake ta lodawa, shikenan. Manhajar da ake gini tun 1997 da a ce tana yoyo haka da tuni an toshe

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam Malam Sani. Tambaya ɗaya, har ina ka kai da jirgin? Don Memcheck, ɓangaren Valgrind mai duba memori, yana sa manhaja ta yi nauyi ninki goma zuwa hamsin, ina zaton ko titin tashi ba ka gama ba

Sani: Ban yi nisa ba gaskiya, amma ai yoyo yoyo ne ranka ya daɗe, in akwai shi zai fito

Injiniya Bashir: A nan muka raba hanya. Valgrind sai a lokacin rufewa yake duba tarin memori ya tambaya, wannan yankin akwai mai nuna shi ko babu. In babu ya ce ya ɓace. In akwai sai ya jefa shi a sahun waɗanda har yanzu ana iya kaiwa gare su, kuma wannan sahun jimla kawai yake ba ka a ƙasan rahoto sai in kai ka nemi bayani. To abin da ke kashe mu a irin wannan manhaja yana cikin sahu na biyun ne, abu an gama aiki da shi amma wani jeri ko wata ma'ajiya na riƙe da shi har abada, kamar famfon da aka bari a buɗe a cikin randa, ruwan bai zuba ƙasa ba amma randar cika take yi

Maryam: Yaya Bashir ya faɗi gaskiya, kuma ku ƙara da Nasal, harshen rubuta umarni na cikin FlightGear. Yawancin jiragen nan da muke saukewa masu sa kai ne suka rubuta tsarinsu da Nasal, mutum ya kira setlistener don ya sa mai sauraro a kan wata kadara, wato wani bayani na jirgin da ke canjawa, bai ajiye lambar da ta dawo masa ba balle ya kira removelistener ya cire shi, duk sanda aka sake loda wannan ɓangaren sai sabon mai sauraro ya hau kan tsoho, kuma kowane ɗaya yana riƙe da duk abin da aikinsa ya taɓa. Mai kwashe shara na Nasal, wanda ke sakin memorin da ba a amfani da shi, ba zai taɓa su ba don a wurinsa suna da rai. Shi kuma Valgrind manyan yankunan da Nasal ya karɓa kawai yake gani, bai san me ke ciki ba

Aliyu: Ni fa ina ɗan bayan Malam Sani. Ba duk hawan RAM bane yoyo. Ka tashi Kano ka nufi Abuja dole a loda sabbin yankunan ƙasa da hotunansu, kuma ko an sake su malloc na glibc, mai raba wa manhaja memori a Linux, ba lallai ya mayar wa tsarin aiki ba, in memorin ya tsattsage ƙaramin abu ɗaya mai rai sai ya hana a mayar da babban yanki. Sai ka buɗe htop mai nuna RAM ɗin da ake ci ka ga lamba sama ka ɗora wa masu manhaja laifi a banza

Sani: Yawwa Aliyu abin da nake faɗa kenan

Maryam: A'a Malam ba shi kake faɗa ba. Shi cewa ya yi ba duka bane, kai cewa ka yi babu

Injiniya Bashir: Aliyu maganarka na kan hanya amma tana da gwaji mai sauƙi. Ma'ajiya tana hawa ta tsaya. Tsattsagewa ma yawanci tana kai wani matsayi ta lafa. Yoyo ba ya tsayawa. Ka kashe TerraSync mai sauko da taswirar ƙasa, da jiragen AI da kwamfuta ke tuƙawa, ka tsaya a fili ɗaya, ka dinga sake saita wasan ko ka riƙa kai da komo tsakanin filaye biyu kaɗai, in bayan zagayen farko kowane zagaye yana ƙara kusan adadi ɗaya to wani abu ne ba a saki ba, taswira ba ta da hannu don ba sabuwar ƙasa aka loda

Aliyu: To da me za a kama shi tunda Valgrind ya yi nauyi

Injiniya Bashir: heaptrack, manhajar da ke bin diddigin memorin da ake karɓa. Za ka iya tashi da jirgi da shi a kunne, kuma yana nuna maka wane layin kira ne memorinsa ke ta girma a kan lokaci. In kana haɗawa da kanka kuma ka sa -fsanitize=address, zaɓin da ke saka mai binciken memori a cikin manhajar, nauyinsa kamar ninki biyu ne kawai, sai dai shi ma mai binciken yoyonsa ba ya kawo ƙarar abin da ake riƙe da shi. Inda yake da amfani shi ne zoben ƙidaya, inda abubuwa biyu ke riƙe da juna. FlightGear an gina shi a kan OpenSceneGraph da SimGear, na farko na aiki da ref_ptr, na biyu na da SGSharedPtr, duka suna ƙidaya masu riƙe da abu ne sai ƙidayar ta kai sifili a sake shi, in kulli ya riƙe wani abu shi ma abin ya juyo ya riƙe kullin, ƙidayarsu ba za ta sauko sifili ba har a rufe. Gyaran shi ne gefe ɗaya ya koma observer_ptr ko SGWeakPtr, waɗanda ke nuna abu ba tare da sun riƙe shi ba

Sani: Ni dai har yanzu ina kan bakana cewa ainihin injin lafiya lau yake. In ma akwai matsala to ta jiragen da ake saukewa ce, wannan kuma ba laifin FlightGear bane

Maryam: Wannan ma ai ana iya rabewa. Ka yi gwajin Yaya Bashir da jirgin ufo wanda kusan ba shi da komai a ciki, sannan ka maimaita da babban jirgin fasinja mai allunan Canvas, tsarin zana fuskokin nuni a ɗakin matuƙi. In ufo ya tsaya cak ɗayan na hawa na ba ka gaskiya, sai mu kai wa mai jirgin rahoto. In shi ma ufo ɗin na hawa fa?

Sani: To sai na kawo fayil ɗin heaptrack mu duba tare. Injiniya FlightGear 2020.3 zan yi amfani da shi ko 2024.1?

Injiniya Bashir: Sabon, kuma ka haɗa shi da alamomin dibog, wato na neman kuskure, in ba haka ba adireshi zalla za ka gani babu sunan aiki ko ɗaya