Famakalca ta ƙi zama a bakin mutane, a taya mu nemo ta Hausa

Jama'a ina neman taimako, musamman ku masu ji da Hausa. Muna da wata 'yar ƙungiya a unguwarmu, shekara biyu kenan duk Asabar da safe muna haɗuwa a wani fili da mai unguwa ya ara mana a bayan firamare, muna koyon abin nan da Turawa ke ce wa permaculture. To sunan ne ya zame mana ƙarfen ƙafa. Mu da muka fara mun saba cewa famakalca, amma wlh duk wanda na gayyata da zarar na ambaci kalmar sai in ga ya yi sororo, wani ya ɗauka harkar magani ce irin ta famasi, wata gwaggona kuma ta ce ko ƙungiyar raba tallafi ce ta taho da katin zaɓenta. Yanzu muna so mu yi rijista a ƙaramar hukuma mu sa a rubuta mana allo a bakin fili, ni kuma na ce ba dai a rubuta famakalca a allon nan ba ina shugaba.

Wasu sun riga sun rubuto min shawarar sunaye, zan bi su ɗaya bayan ɗaya, amma kafin ku jefo taku bari in faɗi abin da ke cikinta. Mutanen Ostareliya biyu ne suka ƙago kalmar a tsibirin Tasmaniya, Bill Mollison da David Holmgren, littafinsu na farko a kanta ya fito a 1978. Kalmomin Turanci biyu suka gutsuro suka liƙa, ɗaya na nufin dindindin ɗaya noma. Abin da ake so shi ne ka tsara gida da gona da ruwa da dabbobi yadda kowanne zai ci albarkacin wani, kashin kaji ya koma taki, ruwan wanke-wanke ya gangara gindin zogale ko ayaba maimakon ya cika lungu da kwata, karmami da ganye su rufe ƙasa kada rana ta gasa ta, abin da kake tsinka kullum kamar alayyahu ya zauna kusa da ƙofa, abin da sai jefi-jefi kake dubawa ya tafi can ƙarshen fili. Kuma suna da ginshiƙai 3: kula da ƙasa, kula da mutane, da raba rarar da aka samu.

Na farko da kowa ke kawowa shi ne noma mai ɗorewa. Daidai ne ba laifi, amma ƙungiyoyin agaji da gidajen rediyo sun riga sun cinye ta, kowane taron bita da aka yi a otel noma mai ɗorewa ne, har mai tallan takin buhu ma haka yake cewa. Noman zamani kam kada ma a fara, wannan a kunnen manomi tarakta ce da feshi.

Ni da kaina noman dindindin na kawo, ina ta murna na fassara ta tsaf. Da na faɗa a mitin sai wani dattijo da muke ce wa Baba, shi ne ya fi kowa sanin ƙasa a cikinmu, ya ɗago kai ya ce yaro, dindindin ai sai Allah. Aka bushe da dariya, daga ranar ban sake ambatonta ba.

Yallaɓai da ka rubuto daga Maraɗi, na gode ƙwarai, shawararka ta a kira ta sassaben zamani ta tsaya min a rai don kuwa abin da ya faru a can shi ne hujjata cewa suna na da tasiri. Ga waɗanda ba su sani ba, a farkon shekarun 1980 wani ɗan Ostareliya Tony Rinaudo yana aikin dashen itatuwa a yankin Maraɗi, dashen yana ta mutuwa, sai ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa duk shekara kafin shuka ba ciyawa ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. Sai aka koma a bar reshe kaɗan masu ƙarfi a sassabe sauran a bar su su girma. Abin ya bazu daga manomi zuwa manomi har ana ƙiyasta fili kusan hekta miliyan 5 ya farfaɗo a Nijar. A 2018 aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood, shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso mai ramukan shuka da ake kira "zai", waɗanda a wajen Tawa ake ce wa tassa. To ka ga manomi ya riga ya san sassabe, an ɗan ƙara masa wutsiya ne kawai, shi ya sa ta shiga. Sai dai Yallaɓai ita reshe ɗaya ce a cikin abin da muke yi, ba ta ɗauki kaji da ruwan wanka da lambun tsakar gida ba.

Mu ma mun gani a aikace. Ranar da muka tura saƙo a guruf ɗin WhatsApp cewa akwai horon famakalca, mu ɗin dai da muka saba ne muka zo. Ranar da muka sa yara suka zagaya gida-gida cewa akwai gayyar haƙa ramukan tare ruwa masu siffar rabin wata a filin bayan makaranta kuma an dama kunu, sai da fatanyu da diga suka yi kaɗan. Aiki ɗaya fa.

Wani ya ce noman kaka da kakanni, tunda barin gawo a gona da haɗa gero da wake da kai takin gida a jaki duk iyayenmu sun yi. Gaskiya ne, gawo ma ai shi ne malamin, ya zubar da ganye da damina ya ba hatsi rana da taki, da rani kuma ya yi inuwa ya ba dabbobi 'ya'ya. Amma matasan da nake so su shigo, in suka ji kaka da kakanni sun gudu, kuma akwai sabbin dabaru a ciki kamar auna gangaren fili kafin a haƙa kwalbatin tare ruwa.

Hajiya, taki ce ta fi kwanta min, rainon gona. Kin ce yadda ake rainon yaro ba a gaggawa, a lura da shi a san abin da yake so, in ya girma shi zai riƙe ka. Wlh ko su masu abin farkon ƙa'idarsu kenan, ka tsaya ka lura kafin ka taɓa. Na so in juya ta noman raino don ta bi sahun noman rani da noman damina, sai na faɗa a waya aka ce min wane noman rani kuma ana tsakiyar Agusta, to a bar ta yadda kika kawo. Kuma tana haihuwa, mai rainon gona, 'yan rainon gona, filin raino. Abu ɗaya dai a kula wajen rubutu, wane ya raini gonarsa daban, wane ya raina gonarsa daban, kada mai fenti ya ja mana abin kunya a allo.

Masu cewa gona ta yi mata kaɗan tunda har da gida da dabbobi, na ji ku, amma matan da ke yi a tsakar gida cikin buhu da tsofaffin bokitai su da kansu 'yar gonata suke cewa, ba wanda ya koya musu.

Na gwada ta a kan Baba jiya bayan la'asar, na ce Baba rainon gona fa? Ya ɗan yi shiru ya ce wannan kam ko jikata za ta gane. Asabar za mu kaɗa ƙuri'a a mitin, wanda ke da wadda ta fi ta ya kawo kafin Juma'a, don mai fenti ya riga ya karɓi kafin alƙalami.