Yaya za mu karrama dattawan makarantarmu a taron bana?

Sakatare: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ne sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarmu, wata sakandaren kwana ta gwamnati, kuma bayan Babbar Sallah za mu yi taron shekara. Cikin 'yan ajin farko mutum biyar suka rage, duk sun haura shekara 80. Biyu sanannu ne, ɗaya ma yana da sarauta. Sauran ukun malaman firamare ne da suka yi ritaya. Kwamiti na so a ba sanannun lambar yabo a babban teburi, sauran kuwa a ambace su cikin jawabi. Abin ya tsaya mini a rai, don ɗaya daga cikin ukun, wanda yanzu idonsa ya yi rauni, shi ya koya mini rubutu da karatu. Me kuke ganin ya dace?

Tsohon ɗalibin Barewa: Wa'alaikumus salam. Malam Sakatare, ku nemo rajistar shiga makaranta, ita za ta raba gardama. Mu a Barewa, wadda aka kafa a Katsina a 1921 kafin ta koma Kaduna, sannan Zariya a 1949, kowane ɗalibi yana da lambarsa mai farawa da B, da ita ake sanin na gaba. Makarantar da ta yaye Sardauna da Tafawa Balewa da Gowon da Murtala da Shagari, in an ce muƙami ne ma'auni ai rigima ba ta ƙarewa. Ku kira su biyar ɗin bisa lamba, kyauta iri ɗaya, kujera iri ɗaya.

Hajiya, ma'aikaciyar jinya: Ni lafiyarsu ce damuwata. An taɓa gayyatar Babanmu irin wannan taro, ya zauna ƙarƙashin rumfa tun hantsi har la'asar ana jiran babban baƙo, ga shi da ciwon suga. Mako guda ya yi a kwance, har yau abin na yi mini ciwo. Don Allah ku fara da su da zarar an buɗe taro da addu'a, ku sallame su kafin azahar. A aika mota har gida, kowa ya zo da ɗansa ko jikansa. Kada a sa su hawa matakala, a sauko a miƙa musu a inda suke zaune. A tambayi iyalansu abin da likita ya hana su ci, kuma banɗaki ya zama kusa.

Wani ɗan kasuwa: Lambar yabo ba ta sayen magani. Ku rage kuɗin rumfuna da bugun kalanda, ku ɗinka musu babbar riga da hula, masu zaman fansho kuma a kai musu ambulan gida da dare. Kada a faɗi adadin a lasifika.

Wani dattijo: Duk na yarda, amma ɗana, ka bi a hankali da mai sarautar nan. Kada ya ji labari a bakin wasu. Ku je gaisuwa ku ce, ranka ya daɗe, abokan karatunka muke son zaunarwa kusa da kai. Da wuya ya ƙi, in kuma ya amince kwamiti ba su da ta cewa. Sannan a karanta sunayen waɗanda suka rasu, a yi musu addu'a, a gayyaci iyalansu.

Ɗalibar jami'a: Baba, a kuma naɗi hirarsu da waya kafin ranar, a gida, inda za su sake. A tambaye su yadda suke zuwa makaranta, su waye malamansu, me ake dafa musu. A ajiye a laburaren makarantar.

Sakatare: Allah ya saka da alheri. Gobe zan je wurin shugaban makaranta neman rajistar, ranar Juma'a kuma mu je gaisuwa gidan mai sarautar. Hajiya, keken guragu nawa kike ganin ya kamata mu aro?